Mai zane a bakin ƙorama: maroƙi ne ko shaida?

A garuruwa da yawa na Faransa da Sifen akwai wata gasa da ake yi lokacin zafi, wadda ƙa'idojinta ba su da wuyar ganewa. Da sassafe masu zane su hallara a ma'aikatar magajin gari, kowa da farin ƙyallensa ko takardarsa. A buga hatimi a bayan ƙyallen, don kada wani ya zo da aikin da ya riga ya gama a ɗaki. Daga nan su watsu cikin gari, kowa ya zaɓi inda zai zauna, ya kafa allonsa, ya zana abin da ke gabansa a idon masu wucewa. Da la'asar a tara ayyukan, alƙalai su duba, a raba kyaututtuka. Sau da yawa zanen da ya zo na ɗaya yakan zama mallakar hukumar da ta ba da kuɗin. Idan gari ya kashe dukiya ya gyara wata ƙorama da ta daɗe a lalace, irin wannan gasa tana cikin hanyoyin da hukuma kan bi ta jawo jama'a bakin ruwan, ta ce musu ku zo ku gani.

A zahiri babu abin zargi a nan. Ba a cuci kowa ba, yara sun sha kallo, masu abinci sun yi ciniki, masu zane sun samu ɗan abin sawa aljihu. Amma duk wanda ya saba da karantar da adabi ya san cewa inda fasaha da kyauta da mai mulki suka haɗu, akwai tambayar da ba ta tsufa. Wanda ya kira gasar shi ne ya yi aikin gyaran, shi ne kuma mai ba da kyautar. To, mai zanen da ya amsa kira me ya zo yi? Yabon wanda ya gayyace shi, ko faɗin abin da idonsa ya gani? In kuma zanensa ya yi kyau, kyan nan taimakon ruwan yake yi, ko rufe abin da ya kamata a sani game da shi? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna da mai karatu. Don kada maganar ta tsaya a iska, za mu ɗaura ta a kan ƙorama guda wadda tarihinta yake a rubuce.

Ƙoramar da aka binne da ranta

Sunanta Bièvre. Tana tasowa daga Guyancourt, kusa da Versailles, ta yi tafiyar kilomita 35 ko kusa da haka. A da can takan ratsa kudancin birnin Faris ta faɗa kogin Seine daf da inda tashar jirgin ƙasa ta Austerlitz take a yau. Ƙaramar ƙorama ce, amma ta ciyar da dubban mutane. Tun ƙarni na 15 wani marini mai suna Jean Gobelin ya kafa marinarsa a bakinta, ya shahara da jan rini, har sunan zuriyarsa ya bi unguwar. A 1662, zamanin sarki Louis XIV, waziri Colbert ya mai da wurin masaƙar sarauta, wadda har yau take aiki. A 1760 Oberkampf ya buɗe masana'antar buga wa yadi ado a Jouy-en-Josas, can sama wajen mafarin ruwan. Tsakanin waɗannan manya kuwa akwai ƙanana ba adadi: majema, marina, mahauta, masu wankau.

Majeman ba don son ransu suka taru a nan ba. A shekarun 1670 hukuma ta kore su daga tsakiyar birni, daga bakin Seine, saboda wari da ƙazanta, ta tura su unguwar Saint-Marcel a bakin Bièvre. Wanda ya taɓa bi ta majema a Damagaram ko Maraɗi ya san abin da jima ke bari cikin ruwa. Su can da farar ƙasa da ɓawon itace suke aiki, namu kuwa da toka da bagaruwa, amma gashi da tsokar da aka kankare da ruwan jiƙo duk ɗaya ne. Birni yana son takalmi da sirdi da jaka, ba ya son ganin inda ake jeme fatar. Sai ya tara masu aikin a kan ƙaramin ruwa, ya juya musu baya.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ƙarni na 19 ya yi nisa, Bièvre ta zama kwata a buɗe. Annobar kwalara ta 1832 ta kashe mutum fiye da dubu 18 a Faris, likitocin zamanin kuwa da yawansu sun ɗauka wari ne ke yaɗa cuta. Aka zaɓi maganin da ya fi sauƙi, wato rufewa. Aka yi ta rufe ta yanki yanki, har zuwa 1912 babu sauran inda take ganin rana a cikin Faris, ruwanta kuma aka karkata shi cikin manyan magudanan ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa. A shekarun 1950 aka bi garuruwan gefen birnin aka shimfiɗa mata kankare. Yara suka taso suna tafiya a kan ƙorama ba su san tana nan ba.

Sai bayan tsawon zamani aka fara tone ta. A 2003 aka buɗe ɗan yanki a Fresnes, a 2016 aka buɗe kimanin mita 600 a L'Haÿ-les-Roses, a 2022 kuma wasu mita 600 tsakanin Arcueil da Gentilly, a bakin ƙofar Faris. Kafin a ɗaga murfin sai da aka yi aikin da ido ba ya gani: raba ruwan ƙorama da ruwan masai, da bin gidajen da bututunsu ke zuba ƙazanta inda bai kamata ba. Zuwa 2025, a cikin Faris kanta ƙoramar tana binne, sai ƴan faya-fayen tagulla da aka kafa a kan titi suna nuna inda take bi a da.

Abin da ƙyalle ba ya ɗauka

Mu ɗauka an kira gasar zane a bakin waɗannan mita 600 na Arcueil. Mai zane ya zo ya zauna. Ga ruwa yana gudu, ga ciyawa, ga itatuwa, ga agwagi, ga yara a kan gada. Ya zana su duka yadda suke, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai dai ƙyalle gefe huɗu gare shi, abin da ya faɗa bayan gefen nan kuwa kamar babu shi ne. Can gaba kaɗan akwai bakin ramin da ƙoramar ke komawa cikin duhu. In mai zane ya ba shi baya, wanda zai kalli zanen zai ɗauka ƙorama ce sakakkiya daga mafari har mashiga. Kuma zane ba ya wari, ba ya nuna ƙwayar cuta. Ruwan da zai kwantar da yaro asibiti da wanda za a iya wanka a ciki, launi ɗaya buroshi zai ba su.

Wannan ba zato ba ne, tarihin zane a fili ya riga ya nuna shi. A 1841 wani Ba'amurke mai zane mazaunin Landan, John Rand, ya ƙirƙiro ɗan bututun kuza mai matsuwa da ake ɗura fenti a ciki. Kafin nan a mafitsarar dabba ake adana fenti, ba ya jure tafiya. Da bututun da jirgin ƙasa suka samu, masu zane suka fita daga ɗaki suka nufi bakin kogi. A 1869 Monet da Renoir suka zauna kafaɗa da kafaɗa a La Grenouillère suna zana rawar haske a kan Seine. Daga ƙarshen 1871 zuwa farkon 1878 Monet ya zauna a Argenteuil, ya zana jiragen ruwa masu filafilai da gadoji da inuwar gajimare, ayyukan da duniya take alfahari da su har yau.

Amma Argenteuil tana ƙasa da Clichy, inda babbar magudanar da injiniya Belgrand ya gina zamanin Haussmann take juye ƙazantar Faris cikin Seine ba tare da tacewa ba, har da ruwan Bièvre da aka karkata. Rahotannin hukuma na waɗannan shekaru sun yi maganar baƙin taɓo, da kumfar iska mai ɗoyi da ke tasowa daga ƙasan kogin, da kifaye da ke mutuwa. Wanda ya kalli zanen Argenteuil ba zai taɓa zaton haka ba. Shin Monet ya yi ƙarya? Bai yi ba. Haske ya je nema, haske kuwa yana sauka a kan ruwa mai tsabta da mai dauɗa ba ya zaɓe. Don adalci ma sai a faɗi cewa wajen 1875 ya zana ƴan dako suna sauke gawayin ƙasa daga jirage a ƙarƙashin gadar Asnières, kuma a 1884 Seurat ya zana masu wanka a Asnières da hayaƙin masana'antun Clichy a bayansu. Duk da haka, yayin da zane-zanen suke ƙara daraja, kogin ƙara lalacewa yake yi. A 1923 aka hana wanka a Seine cikin Faris, ba a sake buɗe wa jama'a ba sai ran 5 ga Yuli 2025, bayan an kashe kimanin yuro miliyar 1 da miliyan 400, wato fiye da miliyar 900 na kuɗin sefa. Kaɗan ne cikin kogunan duniya aka zana kamar Seine, kyan zanen kuwa bai tsabtace ko cikin guga ɗaya na ruwansa ba.

Akwai abu na biyu da kan faɗa bayan gefen ƙyalle, shi ne mutane. Majeman Bièvre sun daɗe da shuɗewa, don haka sai mu nemi misalin a inda gyara ya tarar da masu rai. A Seul, babban birnin Koriya ta Kudu, an rufe ƙoramar Cheonggyecheon aka ɗora mata babbar hanyar mota ta sama. A 2003 aka rushe hanyar, a watan Oktoba na 2005 aka buɗe kilomita 5,8 na ruwa mai gudu a tsakiyar birni. Duniya ta yaba, magajin garin da ya jagoranci aikin, Lee Myung-bak, ya zama shugaban ƙasa a 2008. Sai dai ruwan da aka sako ranar buɗewa injina ne suke jawo shi, kimanin tan dubu 120 a kowace rana, daga kogin Han da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dubban ƴan tireda da masu kasa kaya da ke cin abinci a ƙarƙashin tsohuwar hanyar kuwa an tashe su, da yawansu ba su sake samun ciniki irin na da ba. Mai zanen da ya zauna a wannan gaɓa ba zai ga injin ba, ba zai ga ɗan tiredan ba, domin an riga an kawar da su daga gabansa.

Roƙon da ba shi da ganga

Mu Hausawa mun san wannan sana'a tun kaka da kakanni. Gwanin maroƙi ba dole ne ya yi ƙarya ba, zaɓe yake yi. Ya ambaci ranar da ubangidansa ya yi kyauta, ya yi shiru a kan ranar da ya hana. Al'umma ba ta ruɗuwa da shi, domin kalangu da kirari sun riga sun sanar da kowa cewa roƙo ake yi, mai sauraro kuma ya san yadda zai rage gishiri. Zane ba shi da kalangu. Yana zuwa ne da rigar gani, mu kuwa mun ce gani ya kori ji. Idan aka buga zanen da ya ci gasa a jikin kalanda ko allon talla, da tambarin hukuma a ƙasansa, mai kallo zai karɓe shi a matsayin shaida alhali yabo ne. Haɗarin a nan yake.

Ba sai an umurci mai zane da komai ba. In bana kyauta ta tafi ga ruwa garau da yara masu dariya, baɗi ma haka, to shekara ta uku kowa ya san inda zai kafa allonsa da inda zai ba baya. Babu wanda ya hana, babu wanda ya tsawata, amma bakin ramin nan ba zai sake fitowa a zanen kowa ba. Haka kyauta take gyara idon mai karɓa tun kafin ya buɗe shi.

Wani zai ce, ai yabon gwani ya zama dole. Hukumar da ta tono ƙoramar da aka binne shekara da shekaru, ta bi gida gida tana gyara bututu, ba ta cancanci yabo ba? Ta cancanta ƙwarai, kuma al'ummar da ba ta yaba aikin kirki tana kashe gwiwar mai yi. Laifin ba a yabon yake ba. Yana inda yabo ya hau kujerar lissafi, ya ce wa jama'a an gama, alhali mita 600 aka buɗe, sauran kuma yana ƙarƙashin kankare. Aikin da aka ce an gama, babu mai sake tambayar kuɗinsa ko matsa wa a ci gaba da shi.

Darajar kallo

Da wannan duka, ina cikin masu goyon bayan irin wannan gasa, sai dai dalilina ya sha bamban da na masu shirya ta. Su zane-zanen suke so. A ganina, mafi darajar abin da gasar ke samarwa shi ne yinin da aka yi ana kallo.

Mu koma mu tambaya, me ya kashe Bièvre? Babu wanda ya ƙi ta. Raini ne ya kashe ta, irin wanda Hausawa suka faɗa: ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Gidaje suka ba ta baya, ƙofofi suka fuskanci titi, ita kuwa ta zama inda ake zubar da abin da ba a so. Harshenmu ya riga ya yi wannan hukunci, tun da wurin ƙazanta bayan gida muke kiransa. Ruwan da gari ya mayar bayan gidansa, ƙarshensa a rufe shi. Binnewar 1912 cikon aiki ne kawai, idanu sun daɗe da binne ta kafin magina su zo.

Mai zane akasin haka yake yi. Yana ba ruwan fuska, ya zauna awa shida ko bakwai. Babu wani mai yin haka. Injiniya ya auna ya tafi, mai mulki ya yanke ƙyalle ya tafi, mai wucewa ya ɗaga salula ya ɗauki hoto cikin ƙiftawar ido. Shi kuwa kafin ya haɗa launin ruwan dole ya tambayi kansa wane launi ne da gaske. Malaman makaranta sun san wannan. Ka ce wa yaro ya zana gulbi, hannunsa zai tafi kan shuɗi, ko da bai taɓa ganin shuɗin gulbi ba, ko da wanda ke bayan garinsu ja ne da damina. Abin da aka faɗa masa yake zanawa. Darasin farko na zane a fili shi ne mutum ya ajiye abin da aka faɗa masa ya dubi abin da ke nan. Wannan kuwa ya wuce fasaha, tarbiyya ce, ita ce kuma ake nema ga duk wanda za a kira shaida.

Wanda ya yini a gaɓa zai ga abin da mai wucewa ba ya gani: bututun da ke ɗiga, ledar da ta maƙale a saiwa, tsuntsun da ya dawo, inda ruwa ke sauya launi bayan an yi yayyafi. Ko bai sa su a zane ba, ya gan su, kuma wanda ya gani ba shi da sauran damar cewa ban sani ba. Sannan ga masu tsayawa a bayansa. Mutum ya tsaya ya leƙa ƙyalle, sai ya ɗaga kai ya dubi ruwan don ya gwada ko sun yi kama. Wataƙila wannan ne karo na farko da ya dube shi da gangan, ko da a unguwar aka haife shi. Ruwan da ya samu masu kallo yana da wuya a sake mai da shi bayan gida.

Tarihin Bièvre ya nuna amfanin masu kallo ko a lokacin muni. A shekarun 1860 Charles Marville ya ɗauki hotunanta tsakanin rumfunan majema, daga baya Eugène Atget ya bi sawunsa, a 1890 kuma marubuci Huysmans ya fitar da ɗan littafi a kanta. Babu wanda ya ba su kyautar gasa, abin da suka duba kuwa ba abin sha'awa ba ne. Amma ayyukansu suna cikin abin da ya hana a manta cewa akwai ƙorama a ƙarƙashin titi, kuma da su ne mutanen yau suke sanin abin da aka yi mata da waɗanda suka rayu da ita.

Sharuɗɗan gasa mai gaskiya

Ke nan maganar ba ta a yi ko kada a yi ba ce, ta yadda za a yi ce. Ina ganin akwai sharuɗɗa biyar da in an cika su gasar za ta fita daga roƙo.

Na farko, a bar mai zane ya zauna inda ya so a tsawon ruwan duka, har da inda ba a gyara ba, har da bakin rami da kan kankare. Gasar da ta shata wa masu zane wuri mai kyau kaɗai ta riga ta zana zanen kafin su zo.

Na biyu, kada hukunci ya zama a hannun mai ba da kuɗi shi kaɗai, kuma a baje ayyukan duka, wanda ya faranta rai da wanda ya sosa. Hukumar da ta iya rataya zanen bututu mai ɗiga a zaurenta ta nuna cewa gyaran take so, ba sunan gyara ba.

Na uku, a ajiye lissafi kusa da zane: sakamakon awon ruwa, kuɗin da aka kashe, abin da ya rage. Zane ba ya ganin ƙwayar cuta, ɗakin awo kuma ba ya sa mutum ya ƙaunaci ƙorama, kowane yana bukatar ɗan uwansa. A wasannin Olamfik na 2024 sai da aka ɗaga tseren maza mai haɗe da iyo a Seine da kwana ɗaya, saboda awo ya nuna ruwan bai yi ba bayan an yi ruwan sama. A ido kuwa kogin ranar bai bambanta da na jiya ba.

Na huɗu, a gayyaci waɗanda suka rayu da ruwan kafin gyara, musamman waɗanda gyaran ya tasa. In ba su iya riƙe buroshi ba, suna iya zama kusa da mai zane su faɗa masa abin da ke wurin a da.

Na biyar, a maimaita kowace shekara, a kuma adana ayyukan. Zane ɗaya yabo ne ko suka, amma zane ashirin na wuri ɗaya cikin shekara ashirin tarihi ne, zai nuna ko an riƙe alkawari.

Shi ma mai zane yana da nasa nauyi, sai dai kada a ɗora masa fiye da shi. Ba wajibi ba ne ya je neman juji. Mai farautar muni shi ma zaɓe yake yi, kuma mun san maroƙin da aka hana kyauta zambo yake komawa, zambo da roƙo kuwa uwa ɗaya ta haife su, duka biyun mai kuɗi suke kallo. In ruwan ya yi kyau, ya zana kyan da zuciya ɗaya. Abin da ke kansa shi ne kada ya share abin da ya tsaya a tsakiyar ganinsa don ya faranta wa alƙali, kada kuma ya ƙara abin da babu.

Namu ruwayen

Garuruwanmu ma suna da ruwayen da suka ba baya. A Yamai akwai Gunti Yena, kwarin da tsarin Turawan mulki ya mai da iyaka tsakanin unguwar Filato da unguwannin ƴan ƙasa, wanda ke kwasar ruwan kwata zuwa kogin Isa, masu garka kuma suna noman ganye a gefensa. A Maraɗi akwai gulbin da ambaliyarsa ta 1945 ta sa gari ya tashi daga kwari ya hau tudu. A Damagaram akwai tafkunan cikin gari, da yawansu kududdufai ne da aka haƙa don ƙasar gini. Ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, darasin Bièvre a juye yake zuwa mana. Su can sun binne, sun tono, sannan suke kiran masu kallo. Mu kuwa muna da damar kiran masu kallo tun ruwan yana ganin rana.

Ba a bukatar bututun fenti mai tsada. Takarda da fensir da gawayi sun isa, da malamin da zai ce wa ɗalibi ajiye shuɗin nan, duba ka faɗa mini launin da ka gani. Gadonmu na zane, irin wanda ke fuskar gidajen Birni a Damagaram, zanen ado ne, kuma abin alfahari ne. Babu abin da zai rage masa in muka koya wa yara zanen shaida kusa da shi. Ɗalibin da ya yini yana zana kududdufin unguwarsu, da ledarsa da balbelarsa da masu buga tubali a gefensa, ran da aka zo gyara zai san abin da aka gyara da wanda aka tasa. In kuma aka kira shi gasar yabon aikin, zai zo da ido wanda ya riga ya san wurin.

To, maroƙi ne ko shaida? Buroshi ɗaya ne a hannun su biyun, fenti ɗaya, har zanen nasu yana iya yin kama. Bambancin yana ga wanda mai zanen ya fuskanta lokacin da yake aiki. In zuciyarsa tana wajen teburin kyauta, roƙo ya yi, ko da bai faɗi ƙarya ba. In tana wajen ruwan, ya ba da shaida, ko da abin da ya zana kyakkyawa ne ƙwarai. Aikin masu shirya gasa shi ne su tsara ta yadda mai fuskantar ruwan ba zai yi asara ba.